Zancen Cikin Gida: Kafin A Sayar Da Gona Domin Tafiya Kanada

 

Cikin 'yan watannin nan wasiƙu da dama sun zo wa wannan fili a kan magana guda, watau tafiya ƙasar Kanada da zama a can. Wani uba yana tambaya ko daidai ne ya sayar da fadamarsa, gama ɗansa ya ce wani mutum ya yi masa alkawarin takarda. Wata nas tana so ta san ko za a karɓe ta tare da mijinta da 'ya'yansu. Wani dattijon ekklesiya kuma ya rubuto da damuwa, domin an kawo masa wasiƙar shaidar aiki a kan ya sa hannu, alhali kuwa yaron bai taɓa yin aikin da aka rubuta a ciki ba. Tun da ya ke ba za mu iya amsa wa kowa shi kaɗai ba, muka ga ya kamata mu keɓe filin wannan wata duka domin maganar.

Bari mu faɗi inda muka tsaya tun da fari. Ƙaura ba zunubi ba ce. Yusufu ya yi aikin sarki a Masar, Daniyel kuma a Babila. Manzo Bulus yana da 'yancin Romawa tun daga haihuwa, bai kuwa ji kunyar ambatonsa ba sa'ad da aka ɗaure shi za a yi masa bulala, kamar yadda mu ke karantawa cikin Ayyukan Manzanni sura 22. Abin da ya dame mu shi ne gidaje da yawa suna shiga wannan al'amari ido rufe. Hanyar tana da ma'auni, ma'aunin kuwa a fili ya ke. Kowa yana iya auna kansa da fensir da takarda a ɗakinsa kafin ya kashe ko kwabo. Wanda bai kai ba, gara ya sani yau, da gonarsa a hannunsa, da sunansa kuma ba tabo.

WACE IRIN TAKARDA CE WANNAN?

Kada a haɗa ta da bizar ziyara ko izinin karatu, gama waɗannan na ɗan lokaci ne, suna da ranar ƙarewa. Mai izinin zama na dindindin yana iya zama da yin aiki a kowane lardi na Kanada, 'ya'yansa su shiga makarantar gwamnati, shi da iyalinsa su sami kulawar asibiti irin ta 'yan ƙasa. Amma ba ya jefa ƙuri'a. Wajibi ne kuma ya kasance a cikin ƙasar kwana 730 cikin kowace shekara 5, in ba haka ba izinin yana iya ƙwace masa. Idan ya cika kwana 1,095 a can cikin shekara 5, yana iya roƙon zama cikakken ɗan ƙasa.

A dā dokokin Kanada sun fi buɗe ƙofa ga mutanen Turai. A shekarar 1967 ne suka kawo tsarin ba da maki, domin a auna mutum bisa ga iliminsa da aikinsa da harshensa, ba bisa ga launin fatarsa ba. A watan Janairu na 2015 suka mai da neman a intanet, suka kira tsarin Express Entry. Sashen da ya shafe mu shi ne na ƙwararrun ma'aikata waɗanda suka yi aikinsu a wajen Kanada. Lardin Kwibek yana da nasa tsarin dabam, ba shi mu ke magana a kai ba.

Ƙofa biyu ce a wannan hanya. Mutane da yawa su kan ji labarin ta fari kaɗai, su yi tsammani sun isa.

ƘOFA TA FARI: MAKI 67

Kafin a fara lissafin maki akwai sharaɗi uku.

Na ɗaya, aiki. Sai mutum ya yi aikin ƙwararru na albashi shekara 1 a jere, watau awa 1,560, cikin shekara 10 da suka wuce. Aikin nas, da na malamin makaranta, da na akanta, da na injiniya, da na mai gwajin jini a asibiti, duk suna ciki. Aikin sa kai wanda ba a biya, kome kyaunsa a gaban Allah, ba a lissafa shi.

Na biyu, harshe. Sai an ci jarrabawar Turanci ko ta Faransanci wadda suka amince da ita. Wadda aka fi sani a wajenmu ita ce IELTS. Kashi huɗu ce: ji, da magana, da karatu, da rubutu, a na kuwa bukatar 6.0 ko fiye a kowane kashi. Wanda ya ci uku da kyau ya faɗi ɗaya, ya faɗi ke nan. Sakamakon shekara 2 kaɗai ya ke aiki. Cin Turanci a jarrabawar WAEC ba ya maye gurbinta.

Na uku, ilimi. Sai wata hukuma da gwamnatin Kanada ta naɗa, kamar WES, ta auna satifiket ɗin mutum ta faɗi matsayinsa a Kanada. Ita ce mai yanke wannan hukunci, kuma ya kan faru ta auna takarda ƙasa da yadda mai ita ya ke tsammani.

Bayan waɗannan sai a yi lissafi bisa maki 100, a na neman 67. Ga yadda aka raba su:

Harshe, iyaka 28. Wanda ya ci 6.0 a kowane kashi yana da 16.
Ilimi, iyaka 25. Digiri na biyu 23, karatun shekara 3 ko fiye bayan sakandare 21, difloma ta shekara 2 kuma 19.
Shekarun aiki, iyaka 15. Shekara 1 tana ba da 9, shekara 6 ko fiye 15.
Shekarun haihuwa, iyaka 12. Daga 18 zuwa 35 a na samun 12 cur. Daga nan kowace shekara tana cinye maki 1, har ya zama mai shekara 47 ba shi da ko ɗaya.
Tabbataccen aiki da ke jiran mutum a Kanada, 10.
Abin da zai sauƙaƙa masa zama, iyaka 10, kamar ɗan'uwa na kusa da ke da izinin zama a can, ko kuwa miji ko mata mai jin harshen ƙasar.

Bari mu gwada. A ce ga nas mai shekara 32, ta yi aiki shekara 7, an auna takardarta an ce daidai ta ke da karatun shekara 3, ta kuma ci 6.0 a kowane kashi. Tana da 12 na shekaru, da 15 na aiki, da 21 na ilimi, da 16 na harshe. Duka 64. Saura mata 3. Amma idan mijinta ya zauna jarrabawar harshe ya ci ko da matsayi na ƙasa da suka ƙayyade, za a ƙara mata 5, ta kai 69. Ashe karatun maigida da fitila da dare yana iya zama abin da zai buɗe wa gida ƙofa.

A ce kuma ga malamin makaranta mai shekara 44 da difloma ta shekara 2, ya yi shekara 20 a aji. Yana da 3 na shekaru, da 19 na ilimi, da 15 na aiki. Ko ya ci dukan maki 24 na Turanci, jimla 61 ce. Wannan lissafi ya shafi mu da tsaranmu da yawa a ɗakunan malamai. Ba abin kunya ba ne, doka ce ta ƙasar da ke neman waɗanda za su daɗe suna aiki suna biyan haraji. Amma duk wanda ya karɓi kuɗin irin wannan malami ya ce masa hanya a buɗe ta ke, ku tambaye shi inda sauran maki 6 za su fito.

ƘOFA TA BIYU: LAYIN MASU JIRA

Cin maki 67 ba ya ba mutum takarda. Iyakacinsa shi ne a bar shi ya shiga layi tare da dubban mutane daga Indiya, da Filifin, da Sin, da sauran ƙasashen duniya. A cikin layin a na sāke auna kowa da wani ma'auni na maki 1,200, a jera su daga sama zuwa ƙasa. Loto loto gwamnati ta kan ja layi ta gayyaci waɗanda ke bisa. Wanda aka gayyata yana da kwana 60 ya miƙa dukan takardunsa, har da na gwajin likita da shaidar 'yan sanda. Wanda ya yi wata 12 ba a kira shi ba, sunansa ya fita, sai ya sāke shiga.

A wannan ma'auni ƙuruciya ta fi daraja ma. Daga shekara 20 zuwa 29 ne a ke samun cikakken maki, mai shekara 45 kuwa ba shi da kome a wannan gefe. Ga misali: saurayi mai shekara 29, ba shi da aure, yana da digiri na fari, ya yi aiki shekara 3 a gida, ya ci 8.0 a ji da 7.0 a sauran kashi uku. Wannan gwani ne a kowace ekklesiya tamu. Makinsa 429. Amma a zaɓen gama-gari da aka yi daga Janairu zuwa Afrilu na 2024, ba a gayyaci wanda ke ƙasa da 520 ba. Banda wannan, a watan Oktoba na 2024 gwamnatin Kanada ta rage yawan waɗanda za ta ba izinin zama a 2025 daga 500,000 da ta shirya zuwa 395,000, ta ce gidajen kwana da asibitoci ba su isa jama'a ba.

To, ta ina mutanenmu su ke shiga? Akwai hanya uku na halal.

Ta ɗaya, zaɓe bisa ga sana'a. Tun 2023 a kan yi zaɓe na musamman domin ayyukan da ƙasar ke ƙarancinsu, kamar aikin lafiya da sana'o'in hannu, a 2025 kuma aka ƙara aikin koyarwa. Jerin nan ya kan canza, saboda haka a duba na shekarar da a ke ciki.

Ta biyu, Faransanci. Kanada tana da harshen hukuma biyu, tana kuwa so masu Faransanci su ƙaru a lardunan da ba Kwibek ba. A 2024 an yi zaɓen masu Faransanci fiye da sau ɗaya inda maki ya sauka ƙasa da 400. 'Yan'uwanmu na Maraɗi, da Damagaram, da Dogondutsi, da na arewacin Kamaru, waɗanda suka yi makaranta da wannan harshe, su lura da wannan. Matasanmu na Nijeriya ma, wanda ya ba da shekara 1 ko 2 ga koyon Faransanci bai yi hasara ba, ko ya tafi ko bai tafi ba.

Ta uku, zaɓen lardi. Larduna kamar Manitoba, da Saskacewan, da Ontariyo suna da ikon zaɓen waɗanda su ke bukata. Wanda lardi ya zaɓa ta wannan tsari a na ƙara masa maki 600, amma sai da niyyar zama a lardin da gaske.

ZAUNA KA YI LISSAFI

Cikin Luka sura 14 Ubangijinmu ya yi misali da mai son gina hasumiya, ya nuna cewa mai hankali ya kan zauna tukuna ya lissafta abin da ginin zai ci, kada ya sa harsashi ya kāsa gamawa ya zama abin dariya. Bari mu ma mu zauna.

Bisa ga farashin da aka sa a Afrilu na 2024, kowane babba yana biyan dalar Kanada 950 na duba takardu da 575 na izinin zama, kowane yaro kuma 260. Ba a sa kuɗin jarrabawar harshe a ciki ba, wadda mutane da yawa su kan zauna sau biyu ko uku, ko na auna satifiket, ko na likita, ko na jirgi.

Babban nauyin kuwa shi ne kuɗin guzuri. Bisa ga jadawalin Yuli na 2025, mutum ɗaya sai ya nuna yana da dalar Kanada 15,263 a banki, gida mai mutum 4 kuma 28,362. Ku tambayi farashin dala a yau, ku ninka da kanku. A na ƙidaya mata da 'ya'ya ko da ba za su tafi tare ba. Doka ta ce kada kuɗin ya zama na rance, ba a kuma karɓar gida ko gona a madadinsa. Takardar banki za ta nuna yadda asusun ya kasance cikin wata 6 da suka wuce, don haka kuɗin da ya faɗo jiya zai jawo tambaya.

Ga uban da ya tambaye mu zancen fadama, amsarmu ita ce: kada ka sayar tukuna. Ka ce wa ɗanka ya kawo maka sakamakon jarrabawar harshe da takardar auna iliminsa, ku zauna tare ku haɗa maki. Waɗannan biyu ba su kai kuɗin fadama ba. In lissafi bai kai ba, ƙannensa suna da inda za su noma shinkafa baɗi.

IBRAHIM A BAKIN IYAKAR MASAR

Yanzu mun zo ga abin da ya fi nauyi a zuciyarmu. Cikin Farawa sura 12 yunwa ta kori Ibrahim zuwa Masar. Dalilinsa na tafiya mai kyau ne, irin na mutanenmu a yau. Amma da suka yi kusa da iyaka sai tsoro ya kama shi, ya roƙi matarsa Saratu ta ce ita 'yar'uwarsa ce. Akwai ɗan gaskiya a maganar, gama ubansu ɗaya. Da fari kuma dabarar ta yi riba, ya sami tumaki da shanu da raƙuma. Amma matarsa ta ƙare a gidan Fir'auna, annoba ta sauko, sarki wanda bai san Allah ba ya tsawata wa mutumin Allah, aka raka shi aka fitar da shi daga ƙasar.

Wannan jaraba tana nan har yau, kusan da kamanninta. A ma'aunin maki 1,200, mai aure wanda matarsa ba ta da ilimi mai zurfi ko harshe yana iya rasa har maki 40 a kan marar aure. Sai dillalin biza ya raɗa masa cewa ya rubuta ba shi da mata, in ya isa ya aiko a kawo ta. Ku sani, wanda ya ɓoye matarsa ko ɗansa a fom yana iya rasa ikon kawo su daga baya, shi kansa ma izininsa yana cikin hatsari. Doka ta yarda mutum ya bayyana matarsa ya ce ba za ta biyo shi yanzu ba. Wannan ba ƙarya ba ce. Duk da haka muna gargaɗi, doguwar rabuwa ta kashe aure da yawa, bai kamata miji da mata su shige ta ba sai da shawara da addu'a.

Akwai waɗansu jarabobi da suka fi kusa da gidajenmu. Ɗaya ita ce rage shekaru. Mun saba a je kotu a yi takardar rantsuwa a zubar da shekara 3 ko 4, har ba mu ƙara ganinsa abin kunya ba. Amma takardar baftisma, da ta makaranta, da fasfo, duk sai sun faɗi magana ɗaya. Wata kuma ita ce 'ya'yan riƙo. Kusan ba gidan Kirista a ƙasarmu da ba ya riƙe da ɗan wa ko ɗan ƙane, marayu da yawa kuma ta haka suka rayu, Allah ya sāka. Amma a dokar Kanada ɗa shi ne wanda ka haifa ko wanda ka ɗauka ta hanyar shari'a, wanda bai kai shekara 22 ba, bai kuwa yi aure ba. In suka yi shakka su kan nemi gwajin jini. Wanda ya rubuta ɗan riƙo a kan ɗan cikinsa saboda tausayi yana iya rufe wa gidan duka ƙofa.

Hukuncin ƙarya a takardun shiga Kanada shi ne a hana mutum shiga ƙasar shekara 5. Idan kuwa an gano bayan ya isa, a na iya ƙwace izininsa a mai da shi gida, ko da ya yi shekaru a can. Ba ya kuma kuɓuta da cewa dillali ne ya cika fom. A 2023 ɗalibai da dama 'yan Indiya sun sami kansu a bakin kora, shekaru bayan isarsu, domin an gano wasiƙun shiga makaranta da dillali ya ba su na jabu ne, har sai da gwamnati ta kafa kwamiti ya bincika su ɗaya ɗaya. Saye da sayar da wasiƙun aiki ma ya yi yawa, har a watan Maris na 2025 aka soke ƙarin makin da a ke bayarwa a layin jira domin samun aiki. Wanda ya zo maka yau yana tallar wasiƙar aiki da sunan ƙarin maki a layi, tsohon kaya ya ke sayarwa.

Ba tilas ba ne a bi ta hannun kowa. Fom ɗin kyauta ne a shafin gwamnatin Kanada a intanet. Wanda ke son mai ba da shawara na kuɗi, doka ta amince da lauyoyin da ke da rajista a Kanada, da waɗanda ke cikin rajistar hukumar da ke lura da masu ba da shawarar shige da fice. Sunayensu a bayyane su ke, kowa yana iya dubawa. Ko su ma ba su da ikon yi wa kowa alkawarin takarda.

GA FASTOCI DA SHUGABANNIN MAKARANTU

Ya ku iyayenmu, wasiƙar shaidar aiki tana bukatar sunan aikin, da ranar farawa da ta bari, da awowin mako, da albashi, da ayyukan da mutum ya yi, a kan takarda mai hatimin ma'aikata. Tun da ya ke ekklesiyoyinmu suna da makarantu da ɗakunan magani, a wurinku za a zo. Mai zuwa kuwa ba baƙo ba ne. Ɗan mawaƙa ne da kuka yi wa baftisma, uwarsa tana cikin zumuntar mata, za ta kuma yi kuka a gabanku. Mun san ƙin irin wannan roƙo yana da wuya.

Amma sa hannu shaida ce, doka ta tara kuwa cikin Fitowa sura 20 ta hana shaidar zur. Jami'an Kanada su kan buga waya ko su rubuto su tambaya. Ran da aka kama wasiƙa ɗaya ta ƙarya mai hatimin makarantar ekklesiya, an sa shakka a kan wasiƙun malamai masu gaskiya da za su biyo baya, sunan Almasihu kuma ya sha zagi. Ga dattijon da ya rubuto mana: ka mayar da wasiƙar, ka yi wa yaron bayani da taushi, ka rubuta masa ta gaskiya a kan abin da ya yi. In ekklesiya tana so ta taimaki matasanta, ta buɗe musu aji na Turanci da Faransanci da yamma, ta nemi wani mai ilimi amintacce ya riƙa duba musu lissafin maki kyauta.

BAYAN AN ISA, DA WAƊANDA AKA BARI

Izinin zama dabam ne da lasin aiki. Aikin nas, da na likita, da na malamin makaranta, kowane lardi yana da hukumar da ke ba da lasinsa. Nas sai an sāke duba karatunta, ta kuma ci jarrabawar NCLEX. Kafin nan ya kan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, mutum yana aikin kanti ko na kula da tsofaffi. A birnin Winifeg sanyin dare a watan Janairu ya kan wuce digiri 20 ƙasa da sifiri. Babu kaka a ɗaki da za a bar wa jariri, kuɗin haya kuma shi ke fara cin albashi.

Iyaye tsofaffi ba sa shiga cikin fom ɗin mutum. Hanyar kawo su dabam ce, ƙunƙunta ce ƙwarai. Saboda haka kafin a ɗaure kaya, 'yan'uwa su zauna su yanke wanda zai riƙe Baba da Inna, da abin da mai tafiya zai riƙa aikowa. Bulus ya yi wa Timoti magana mai zafi a kan wanda ba ya kula da mutanen gidansa, nisan teku kuwa ba ya ɗauke wannan nauyi.

A tuna kuma da marasa lafiya. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta ƙasashe 55 da ke cikin ƙarancin ma'aikatan lafiya mai tsanani, Nijeriya da Nijar suna ciki. Ba mu ce kada nas ta tafi ba. Amma wadda ekklesiya ko gwamnati ta biya mata karatu bisa alkawarin yin aiki na waɗansu shekaru, ta cika alkawarinta tukuna, ta ba da sanarwa a kan kari, ta fita ta ƙofa da sallama.

MAGANAR ƘARSHE

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a Ikko da nufin kawo bishara ƙasarmu: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Gowans da Kent sun mutu a 1894. Bingham kansa ɗan ƙaura ne, daga Ingila ya je Kanada yana saurayi. Idan yau Allah ya buɗe wa jikokin waɗanda suka ji wannan bishara hanya zuwa Toranto, to, su tafi da ita a hannu. Su nemi ekklesiya tun makon fari, su koya wa 'ya'yansu addu'a da gaisuwa da harshen gida, su nemi alherin garin da suka sauka kamar yadda Irmiya ya umarci waɗanda aka kai Babila, cikin sura 29. Mai irin wannan kira ba zai so ya shiga da takardar ƙarya ba.

Wanda ya yi lissafi ya ga ya kai, ya nema da gaba gaɗi, muna yi masa addu'a. Wanda bai kai ba amma yana da sauran ƙuruciya, ya koma ga littafi. Wanda shekaru suka rufe wa wannan ƙofa, kada ya karai, gama akwai yara a aji da marasa lafiya a gado da ke jiransa gobe da safe, Ubangiji kuwa yana ganin aikin.

Alkaluman da muka kawo su kan canza, mun kuwa sa wa kowanne shekararsa. A duba na yanzu kafin a biya kome. Muna roƙo a karanta wannan fili a taron matasa da na zumuntar mata, a kuma ci gaba da aiko mana da wasiƙu.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da gidajenku duka. Sai wata mai zuwa, in ya yarda.